Agogon Zinare: Ado Ne Ko Ajiya? Tambayoyin Da Mutanen Zariya Suka Fi Yi Min

Tun da farashin gwal ya kama hanyar sama, naira kuma ta kama gangara, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da maganar agogo ba. Wani a bakin masallaci bayan Juma'a, wani a wurin ɗaurin aure a cikin birni, wani malamin jami'a ne daga Samaru da aka biya shi kuɗin sallama yana neman inda zai adana su. Na shafe shekaru ina saye ina sayarwa, na ci riba, an kuma taɓa cutata. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da yadda nake amsa su.

Wane agogo ake kira na ƙarfe mai daraja? Waɗanda ke sheƙi a kasuwar Sabon Gari fa?

Ana nufin agogon da jikinsa, wani lokaci har da sarƙarsa, aka ƙera da zinare ko filatinum (wani farin ƙarfe mai tsada) tun daga ciki har waje. Mafi yawan masu sheƙin da ke kan teburan 'yan agogo ruwan gwal ne aka yi musu, shafe ne siriri a kan wani ƙarfe, kuma gumi kaɗai ya isa ya kankare shi a hankali. Wanda muke kira agogon silba kuwa ba azurfa ba ne, farin ƙarfe ne mara tsatsa.

Manyan kamfanonin Suwizalan suna amfani da karat 18, shi ya sa za ka ga an buga 750 a jiki, wato kashi 750 cikin 1,000 zinare ne, sauran kuma garwaye ne na azurfa, jan ƙarfe da makamantansu. Matanmu sun fi sabawa da karat 21 na Saudiyya mai lamba 875 da karat 22 mai lamba 916, amma waɗannan sun yi laushi ga abin da zai riƙa bugun ƙofar mota da gefen tebur. Filatinum lambarsa 950.

Malam, ni namiji ne Musulmi. Ya halatta in ɗaura?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma mutane sukan bar ta sai sun riga sun biya kuɗi. Hadisi ya tabbata daga Sayyidina Ali cewa Manzon Allah (SAW) ya riƙe alharini a hannu ɗaya, zinare a ɗaya, ya bayyana cewa haramun ne ga mazan al'ummarsa. Saboda haka agogon zinare ba abin ɗaurawar namiji ba ne, komai sunan kamfanin da ke fuskarsa.

Inda mutane ke neman mafaka shi ne farin zinare. Sai ka ji an ce ai ba rawaya ba ne. To, farin zinare zinare ne da aka garwaya da wasu fararen ƙarafa har launinsa ya juya, kuma 750 ɗin nan tana nan daram a bayansa. Haka mai launin ja-ja, irin wanda Rolex ke kira Everose tun 2005. Haka kuma mai ruwa biyu, wanda aka haɗa silba da zinare: layin tsakiyar sarƙar nan zinare ne na gaske.

Filatinum daban ne. Ba zinare ba ne, ba azurfa ba, kuma da yawan malaman wannan zamani sun halatta shi ga maza matuƙar ba a shiga almubazzaranci da alfahari ba. Azurfa kuwa, abin da Malikiyya suka yarje wa namiji shi ne zobe, don haka kada ka ɗauka agogon azurfa ya wuce ba tambaya. Mu a Zariya ba mu da ƙarancin malamai. Ka ɗauki hoton agogon da bayanin ƙarfensa ka kai zaure ka tambaya kafin ka tura kuɗi. Mace kuwa ba ta da wannan matsalar.

Idan na saya don ajiya kawai, ai kamar na sayi gwal ne ko?

A'a, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Agogon zinare kaya biyu ne aka ɗaure wuri guda: ƙarfe da suna. Ƙarfen ana iya ɗora shi a sikeli. Sunan kuwa sai abin da kasuwa ta ga dama ta ce.

Mu yi lissafi. A ce ka cire inji da gilashi, jiki da sarƙa suka ba ka giram 150 na karat 18. Tsantsar zinaren da ke ciki giram 112.5 ne. Oza ɗaya ta gwal giram 31.1 ce, kuma a watan Oktoban 2025 farashinta ya haura dala 4,000 a karon farko. A wannan farashin, zinaren agogonka bai kai dala 15,000 ba. Sabon Rolex Day-Date mai sarƙar zinare kuwa ya haura dala 35,000 a kanti. Ka ga fiye da rabin kuɗinka ba gwal ka saya da shi ba. Ka sayi aikin injin, ka sayi talla, ka sayi kambin nan, tambarin Rolex, da ke kan fuskarsa.

Hajiyoyinmu sun san wannan darasin tun tuni. Duk wadda ta taɓa mayar da sarƙa wurin 'yan gwal ta san ba a mayar mata da kuɗin ƙira. To, agogo sarƙa ce da kuɗin ƙirarta ya fi kuɗin gwal ɗinta. Bambancin kawai shi ne a 'yan tsirarun agogo kasuwa na yarda ta sake biyan wannan kuɗin ƙirar, a mafi yawa kuma ba ta yarda.

Ga wani abin da zai ƙara nuna maka. Shekaru kusan goma ke nan oza ta filatinum na ƙasa da ta zinare a kasuwar duniya, amma agogon filatinum ya fi takwaransa na zinare tsada a kanti. Wani ɓangare na dalilin shi ne nauyinsa da wahalar sarrafa shi, babban ɓangaren kuma shi ne kamfanoni sun ajiye shi a matsayin na manya.

To me ya sa muke jin an sayar da agogo miliyoyin daloli?

Gaskiya ne ana sayarwa. A 2014 an yi gwanjon wani agogon aljihu na zinare da kamfanin Patek Philippe ya ƙera wa attajirin Amurka Henry Graves, ya tashi kusan dala miliyan 24 a Janiba. A 2017 Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman ya tashi dala miliyan 17.8. A 2019 wani Patek Philippe Grandmaster Chime ya tashi faran miliyan 31 na Suwizalan a gwanjon sadaka.

Lura da wani abu: biyun ƙarshen nan ba na zinare ba ne, silba ne. Abin da aka biya shi ne tarihi da ƙaranci. Ɗaya tilo ne a duniya, ko kuma an san hannun da ya ɗaura shi. Ɗaukar waɗannan a matsayin ma'auni kamar mutum ne ya ga dokin da ya fi kowane kyau a Hawan Daushe ya ce duk dokin da ya saya haka zai yi kuɗi.

Wani abokina ya saya a farkon 2022, yanzu a naira kuɗin ya kusa ninka uku. Wannan ba riba ba ce?

Ka tambaye shi da dala. Daga 2020 zuwa farkon 2022 kasuwar agogon hannu ta yi wani irin tashin hauka. Patek Philippe Nautilus mai lamba 5711, na silba, wanda kuɗinsa a kanti bai wuce dala dubu 30 da ɗoriya ba, ya haura dala dubu 100 a hannun dillalai bayan an sanar da daina ƙera shi a 2021. Daga wajen tsakiyar 2022 farashi ya juyo ƙasa, ya daɗe yana sauka.

A gida kuma, kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Mu ɗauki farashin hukuma don sauƙin lissafi. Wanda ya sayi agogon dala 30,000 ya biya naira miliyan 13.8. A ce agogon ya faɗo dala 24,000. A naira 1,500 ya zama miliyan 36, mai shi yana ta murna. Da dalolin ya ajiye, da miliyan 45 yake da su. Da tsantsar gwal ya saya lokacin da oza ke ƙasa da dala 2,000, da kuɗinsa ya ninka a dala kanta. Agogon ya kare shi daga faɗuwar naira, wannan ba ƙarya. Amma a cikin hanyoyin uku shi ne ya fi kawo kaɗan.

A ina zan saya? Akwai a Zariya?

Kada ka sa ran samun sabo na gaske a kan teburi a Sabon Gari ko Tudun Wada. Kamfanoni irin su Rolex ba sa sayar wa kowa sari, suna da dilolin da suka amince da su, kuma sunayensu na nan a shafin kamfanin na intanet. A Najeriya kamfanin Polo ne dilan Rolex, yana da kanti a Legas da Abuja. Mutanenmu da yawa kuma a Dubai ko Saudiyya suke saye. A Dubai akwai harajin saye na kashi 5 cikin 100 tun 2018, kuma baƙo na iya karɓar mafi yawansa a filin jirgi idan kantin na cikin tsarin. Idan ka dawo da shi, ka bayyana wa kwastan ka karɓi takarda. Wata rana ita za ta zama shaidarka.

Ga mai son na hannu, Rolex ya fara nasa tsarin a ƙarshen 2022, inda yake duba tsohon agogo ya ba shi sabon garanti na shekara 2. Ya fi na dillali tsada, amma kana barci da ido biyu a rufe.

Saye ta hoton WhatsApp ko Instagram kuwa, ba a cinikin biri a sama.

Ta yaya zan gane jabu?

Da can abu ne mai sauƙi. Jabu ba shi da nauyi, kuma hannun daƙiƙarsa na tsalle ɗaya-ɗaya irin na mai batir, alhali na gaske yana tafiya sumul saboda injin na bugawa sau 8 a daƙiƙa. Yau masu jabun sun ƙware, nasu ma sumul yake tafiya. Duk da haka ga abubuwan da nake dubawa.

Nauyi na farko. Zinare ya kusa ninka silba biyu a nauyi idan girmansu ɗaya, don haka ka nemi sanin nauyin wannan samfurin ka ɗora a sikelin 'yan gwal. Sai hatimi. Agogon zinare na Suwizalan yana ɗauke da hatimin hukuma ban da 750: tun 1995 hoton kan kare ne ɗan mitsitsi, kafin nan kuma hoton kan mace ne. Sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. A Rolex na zamani lambar agogon na rubuce a zoben ciki da ke kewaye da fuska, wajen ƙarfe shida, kuma dole ta dace da ta katin garanti. Ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata ya kamata ya ƙara girman lambar sau biyu da rabi.

Kada ka bari a goga agogon a dutse a ɗiga ruwan gwaji kamar yadda ake yi wa ɗan kunne. Zai bar tabo, kuma fatar waje kawai zai gaya maka. Akwai na'urar haske da ke karanta ƙarfe ba tare da ta taɓa shi ba, manyan 'yan gwal na da ita.

Ni abin da ya ci ni ba jabu ba ne kai tsaye. A wata tafiya na sayi wani tsohon agogo a hannun wani mai shago. Nauyi daidai, hatimi daidai, zinare kuwa ba shakka. Sai bayan wata takwas, da na zo sayarwa, mai sayen ya sa aka buɗe baya. Injin ciki ba na kamfanin ba ne, an musanya shi, fuskar ma an sake mata fenti. Kuɗin gwal kawai aka taya, ko sisi ba a ɗora ba. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai ƙwararre ya buɗe baya a gabana, ko da mai kayan zai ɓata rai.

Dillali ya ce babu kwali da takardu, amma zai rage min sosai.

Araha ba ta ado. Tsohon agogo na shekara 40 ba abin mamaki ba ne a ce takardunsa sun ɓace. Amma na shekara 3 da ba kati ba rasit, tambayar farko ita ce daga ina ya fito. Akwai rajistar agogunan sata ta duniya mai suna The Watch Register, ana biyan kuɗi kaɗan a duba lamba. Idan na sata ne, ranar da ka kai shi gyara a kamfani za a iya riƙe shi, ka rasa kuɗi ka rasa kaya, ka kuma koma yi wa 'yan sanda bayani. Sannan ragin da aka yi maka yau, shi za a yi maka ranar da ka tashi sayarwa.

Wanda aka cika da lu'ulu'u ba zai fi daraja ba?

Idan kamfanin ne ya jera su da kansa, yana da farashinsa. Idan wani maƙeri ne ya huda jikin ya dasa daga baya, ya rage masa daraja, kuma kamfani na iya ƙin karɓarsa gyara. Masu tara agogo gudunsa suke yi.

Zan iya biya kaɗan-kaɗan, ko in ba da gwal ɗin uwargida a yi musaya?

A nan ma sai an koma wurin malamai. Hadisin Ubada ɗan Samit ya shardanta cewa cinikin zinare hannu da hannu ne, kuma malamai da yawa sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukuncin. Ke nan karɓar agogon zinare yau a biya bayan wata shida akwai magana a kansa. Musayar kuwa ta fi sarƙaƙiya. Fadala ɗan Ubaid ya sayi abin wuya mai zinare da duwatsu a kan dinari 12 a lokacin Khaibar, da ya rarrabe sai ya tarar zinaren ciki ya fi abin da ya biya, Annabi (SAW) ya hana sayar da irinsa sai an rarrabe. Agogo ma haka yake, zinare ne haɗe da wani abu. Hanyar da ta fi tsabta ita ce Hajiya ta sayar da gwal ɗinta da yardarta, a karɓi kuɗi, sannan a yi cinikin agogo daban. Na ce da yardarta, domin dukiyarta ce.

Akwai zakka a kansa?

Nisabin zinare misƙali 20 ne, wanda ake ƙiyastawa da giram 85, ana fitar da kashi 2.5 cikin 100 idan shekara ta zagayo. Agogon misalinmu mai giram 112.5 shi kaɗai ya wuce nisabi, zakkarsa wajen giram 2.8 ce duk shekara. A Malikiyya kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu, Hanafiyya kuma sun wajabta. Amma wanda namiji ya ajiye a matsayin dukiya ba ya cikin wannan rangwamen. Idan kuma kasuwancin agogo kake yi, akwai bambanci tsakanin mai jujjuya kaya kullum, wanda ke ƙiyasta hajarsa duk shekara, da mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta tashi. Ka sa wannan a lissafin ribarka tun farko, domin agogo ba ya haihuwa kamar saniya, ba ya kawo haya kamar shago. Daga aljihunka za ka riƙa fitarwa.

Yaya zan kula da shi a yanayinmu? Mai gyaran unguwarmu zai iya?

Masu gyaranmu na da hannu, sun raya Seiko da Rado na iyayenmu shekara da shekaru. Amma ba su da kayan gyara na asali na waɗannan kamfanoni, kuma da zarar an sa baƙon ƙarfe a ciki, daraja ta faɗi. Rolex na ba da shawarar a kai sabis wajen kowace shekara 10, wasu kamfanonin ƙasa da haka, kuma kuɗin da dala ake lissafa shi.

Ƙurar hunturu na shiga tsakanin ƙwayoyin sarƙa ta haɗu da gumi ta riƙa cin zinaren kamar faifan goge katako, shi ya sa tsofaffin sarƙoƙi ke saki. Ɗan buroshi mai laushi da ruwan ɗumi sun isa, bayan ka tabbatar maɓallin gefe a murɗe yake tam. Mai igiyar fata a cire shi kafin alwala, kada kuma a fesa masa turare. Kada a ajiye shi kan lasifika, maganaɗisu na rikita tafiyarsa. Kuma ka yi haƙuri da ƙananan ƙarce. Duk gogewa da inji zinare take ci, kuma masu saye sun fi son mai tabo da kaifin gefensa na asali a kan wanda aka goge ya yi sulɓi.

Maganar tsaro fa?

Halin da ake ciki a hanyoyinmu ba sai an faɗa ba. Kada ka ɗora shi a Facebook, kada yaran gida su san kuɗinsa, kada ka ɗaura shi a tafiyar mota zuwa Kaduna ko Kano. Ka ɗauki hoton lambarsa, ka ajiye takardu a wani wuri daban da inda agogon yake. Wajen biya kuma, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Ka tura ta banki, da sunanka, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan rasit.

Ranar da na buƙaci kuɗi, wa zai saya?

Wannan ce tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa. Sarƙar gwal, ka fita da ita da safe, kafin azahar kuɗi na hannunka. Fili a Graceland ko hanyar Shika, dillalai goma za su kira ka. Agogon dala dubu 30 kuwa, mutum nawa ne a garin nan za su gane shi, su yarda na gaske ne, su kuma mallaki kuɗin a ranar? 'Yan gwal za su taya maka kuɗin awo ne kawai. Sai ka nufi Abuja, Legas ko Dubai, kuma dillalin can zai saya ƙasa da farashin da yake sayarwa, domin shi ma abinci yake nema. Idan ya hango gaggawa a fuskarka, ya ƙara ragewa.

Shi ya sa duk wanda ya ce min da kuɗin sallamarsa ko kuɗin makarantar yara zai saya, nake ce masa ya je ya sayi gwal na awo. Agogo na wanda ke da rarar kuɗi ne, yana kuma son abin har ransa, yana jin daɗin sanin cewa Day-Date tun fitowarsa a 1956 ba a taɓa sayar da shi da silba ba, ko cewa akwai mai rubuta ranar mako da Larabci.

Mahaifinmu ya rasu ya bar guda ɗaya. Yaya za mu yi a rabon gado?

Allah ya jiƙansa. Kada babban wa ya ɗauke shi da sunan abin tunawa, haƙƙin dukkan magada ne, har da mata da ƙananan yara. Kada kuma a yarda da kuɗin awo kawai kafin a bincika, domin tsohon agogon da alhazai suka dawo da shi daga Makka a shekarun 1970 na iya fin nauyin gwal ɗinsa nesa ba kusa ba. A bar shi yadda yake, kada a goge, kada a canza gilashi. A binciki akwatunan marigayin ko za a dace da kwali ko rasit. A ɗauki hoton fuska, baya da lamba, a nemi farashi daga wurare biyu ko uku da ba su san juna ba. Idan ɗaya daga cikin magada na so, sai a ƙiyasta masa a cikin kasonsa, ya cika wa sauran idan ya haura, a rubuta a gaban shaidu.